Bindigar Mai Gida a Aljihun Mota

Ƙarfe bakwai da kwata na safe, ranar Asabar, mu uku ne a garejin wani gida a arewacin Jidda: ni, da mai gidan, Abu Majid, da tsohon direbansa, Baba Tanko, wanda idonsa ya fara rauni aka ce ni zan gaje shi. Shekarata ashirin da shida. Abu Majid ya dube ni sama da ƙasa, ya tambayi Baba Tanko ko ina salla, ko ina shan sigari. Da ya ji amsa sai ya ce halas, wato shi ke nan, ya shige gida shan gahawa. Iyakar jarrabawarsa ke nan. Ta Baba Tanko ce ta ɗauki wata biyu.

Ya zagaya da ni motar, ya nuna mini jak da taya ta ajiya. Daga ƙarshe ya buɗe aljihun gaba, wanda a nan ake kira durji. Akwai wani abu naɗe da tsumma rawaya. Ya ɗaga gefen tsumman da yatsa ɗaya. Ƙaramar bindiga ce, baƙa.

"Ka gani?"

"Na gani, Baba."

"To ba ka gani ba. Ta Ammi ce, mai gida, yana da takardar izininta, ga ta nan ƙarƙashi. Kai ba ka taɓa ta, ba ka goge ta, ba ka maganarta ko da matarka. In askari, ɗan sanda, ya tsayar da ku, abin da ya tambaya shi za ka ba shi. Abin da bai tambaya ba, ba naka ba ne."

"In ya tambaya fa?"

Ya harare ni da idonsa mai kyau. "A Sa'alaba aka haife ka ko daga jirgi ka faɗo jiya?"

Ina rubuta wannan ne saboda ku samarin da nake ji kullum a wajen mai shayi a unguwar Mahjar kuna cewa aikin direban gida zama ne cikin sanyin mota ana biyan mutum. Shekara ashirin da biyu na yi a gidan nan. Ku karanta a jere yadda na tsara, kada ku tsallake.

Abin da Baba Tanko yake nufi, duk wanda ya tashi a unguwarmu ta Sa'alaba ya san shi. Iyayenmu da kakanninmu sun zo aikin hajji suka zauna, wasu da takarda, da yawa babu. Kafin yaro ya iya ɗaura zariyar wandonsa ya riga ya koyi amsa ɗaya ga duk mai kaki: ma fi, wato babu. Wa ke kwana a ɗakin sama? Ma fi. Ina mutumin da ya shigo nan da gudu? Ma fi. Ba na raina wannan tarbiyya, ta rufa wa maƙwabta da yawa asiri. Amma ta zauna mana a baki har ba ta jiran umarnin kai. Ni a nan aka haife ni, a nan aka haifi mahaifiyata, amma da iƙama, wato takardar izinin zama, nake zaune kamar kowane baƙo, fasfona kuma na ƙasar da ban taɓa sa ƙafata a cikinta ba ne. Ku riƙe wannan, don shi ne abin da na kusa rasawa.

Aikin farko da Baba Tanko ya ba ni shi ne gyara madubi. Ba don ganin hanya kaɗai ba. Ya zauna a kujerar baya, inda uwargida Ummu Majid take zama, ya ce in karkata madubin tsakiya har sai ina ganin gilashin baya ba na ganin fuskarsa. Sau shida na gyara kafin ya yarda. Bayan madubi sai tsayuwa: ka ajiye mota yadda ƙofar uwargida za ta buɗe ta ɓangaren inuwa, ko da kai za ka fita cikin rana. Bayan tsayuwa sai jira. Ka kunna sanyi minti bakwai kafin su fito. Ba za su gaya maka lokacin fitowarsu ba, kai za ka gane daga ƙarar takalma a matakala. Bayan jira sai kunne. A cikin motar nan an yi faɗan gado, an shirya aure, an warware wani. Duk ban ji ba.

Kayan aikina ba su da yawa. Ma'aunin iskar taya, tawul biyu, ɗaya na gilashi ɗaya na hannu, galan na ruwa, da wata 'yar jakar fata da wani badukun Sa'alaba ya ɗinka mini, mai roba a baya, ina maƙala ta a jikin makarin rana da ke saman kaina. A ciki nake ajiye istimara, wato takardar mota, da takardar inshora. Ni na ƙirƙiro wannan, ba Baba Tanko ba, kuma dalilina ɗaya ne: kada wata rana in buɗe durji a gaban askari. Kowace safiya ina bin abu biyar a jere: taya, ruwa, man inji, birki, jaka. Sai in ce bismillah in tayar.

Abu Majid yana da sito na kayan gini a Madinar Masana'antu, da gona can kudu, tafiyar awa biyu. Saboda gonar ya yanki izinin bindigar. Hanyar babu kowa a lokacin, ga karnukan daji. Sau ɗaya tak na ga ya harba ta, a kan gwangwanin man zaitun, bai kuma samu ba. Ya ce iska ce. Na ce gaskiya ne, Ammi, iska ce. Ganye ko ɗaya ba ya motsi a ranar.

Shingen bincike kuwa mun wuce ba adadi. Abu Majid ne yake sauke gilashinsa, ya yi sallama, ya tambayi askari ɗan wane gida ne, kafin ka ankara sun gano dangantaka, a ce mu wuce. Ban taɓa jin ya ambaci bindigar ba, ban kuma taɓa jin an tambaye shi ba. Sai na ɗauka haka abin yake. Ban lura cewa shirun nasa ne ba, ba nawa ba. Shi ɗan ƙasa ne, sunansa ne a takardar, bakinsa kuma yana aiki.

Mummunar shekara ta zo da ciwonsa. Ya faɗi a sito, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Yana ji, yana ganewa, amma in ya buɗe baki sai wani sauti kawai. Harkoki suka koma hannun ɗansa Majid, wanda ni na kai shi makaranta tun daga ajin farko. Da yana yaro Ammu Haruna yake ce mini, wato Baffa Haruna. Da ya karɓi makullan sito sai na zama ya Haruna, wato kai Haruna kawai da Larabci, babu baffa.

Aikina ya koma kai tsoho asibitin motsa jiki sau uku a mako. In ɗauke shi daga keken guragu, in zaunar da shi a gaba, in ɗaura masa bel, in sa matashi ƙarƙashin hannun da ya mutu. Bindigar tana nan a durji, daidai gwiwarsa. Sau uku na yi wa Majid magana.

"Ya Majid, bindigar Ammi tana cikin mota har yanzu. A shigar da ita gida."

"Gobe, ya Haruna."

Na biyun ya ce, "Tsoro kake ji ta tashi da kanta?"

Na ukun yana waya, ya ɗaga mini hannu kawai.

Za ku ce me ya hana ni ɗaukarta da kaina, taku goma ne zuwa falo. Baƙo mai iƙama da bindiga a hannu, ko taku ɗaya ne, ba ya da abin faɗa in wani ya gani. A nan Baba Tanko yana da gaskiya. Kurakuraina daban ne, kuma uku ne. Na farko, ban gaya wa Ummu Majid ba, na ce ba maganar mata ba ce, ga jinya ta ishe ta. Na biyu, ban ajiye makulli na ce ba na tayar da motar sai an fitar da ita ba, saboda tsoho yana bukatar asibiti kuma ban saba musu ba. Na uku shi ne na ranar Lahadin.

Ranar Juma'a Majid ya ɗauki motar ya je bakin teku da abokansa, tasa tana wajen gyara. Ranar Lahadi da safe tsoho ya ƙi karyawa, aka makara, Ummu Majid tana ta yalla yalla, a yi sauri, daga taga. Na duba taya, na duba ruwa da mai, na taka birki. Ban ɗaga hannu na taɓa jaka ba. Sau ɗaya ke nan cikin shekara ashirin da biyu.

Da muka fito asibiti sai na bi da shi ta Madinar Masana'antu, don yana son ya ga ƙofar sitonsa ta gilashi, ya ga ana loda kaya. Sha ɗaya saura na rana muka tarar da shinge, ana duba takardun leburori. Askarin da ya zo wajena matashi ne, mai ladabi. Da Larabci muka yi magana, zan juya muku.

"Salamu alaikum, baffa. Iƙama da lasisi."

Na ciro daga aljihun riga na ba shi. Ya duba, ya leƙa ya gaida tsoho.

"Akwai wani abu tare da ku a motar?"

"Ma fi."

Wallahi ban yi niyya ba. Kafin in gama jin tambayar amsar ta riga ta fita, kamar atishawa.

"Istimara."

Na ɗaga hannu zuwa makarin rana. Babu jaka. Daga baya na ji cewa ta dami Majid ne yana tuƙi, ya cire ta ya jefa a durji. A lokacin ban san wannan ba, amma babu inda za ta kasance sai can.

Hanya uku ce a gabana, na kuma auna su duka kafin askarin ya sake magana. In ce na manta ta a gida, ƙarya ta biyu ke nan, kuma in ya ce a buɗe mota an gama. In miƙa hannu in buɗe durji da sauri in zaro jakar, in tsumman ya zame ya ga hannuna a kan ƙarfe, ba zai tsaya tambayar sunan wa ke takarda ba, kuma ba zan ga laifinsa ba. Ta uku ita ce wadda ba a koya mini ba. Na mayar da hannuwana biyu kan sitiyari.

"Allah ya ƙara maka tsawon rai. Istimara tana cikin durji. A cikin durjin akwai ƙaramar bindiga ta wannan dattijon, takardar izininta tana ƙarƙashinta. Ni ba zan buɗe ba. Ka buɗe da kanka, ko ka gaya mini abin da zan yi."

Ya ja baya taku ɗaya, hannunsa ya koma ƙugunsa. Fuskarsa ta canza, amma bai ɗaga murya ba.

"Yanzu na tambaye ka, ka ce ma fi."

"Na faɗa."

"Don me?"

Yaya zan fara ba shi labarin Sa'alaba a bakin titi?

Ya kira babbansu. Aka fito da ni, aka tsayar da ni a jikin motarsu. Babban ya buɗe durji, ya warware tsumman, ya ɗauko takardar. Wa'adinta ya ƙare fiye da shekara. Tun da tsoho ya kwanta babu wanda ya tuna da sabuntawa, ni kuma ban taɓa ɗaga ta na karanta ba, tunda ban gani ba. Ya sunkuya ya tambayi Abu Majid ko tasa ce. Tsoho ya yi ta ƙoƙari, jijiyar wuyansa ta tashi, yana buga gwiwarsa da hannun hagu, amma abin da ke fita ba magana ba ce. Matashin askarin ya zagaya ya ƙara masa sanyin mota, ya goge masa baki da tawul ɗina na hannu. Ba su wulaƙanta kowa ba. Aikinsu suka yi.

Majid ya zo ofishin 'yan sandan da aka kai ni bayan azahar. Ina daga ɗaya ɗakin ina jin muryarsa. Ya ce babansa ba ya hayyacinsa, shi kuma bai san abin da ke cikin motar ba, mota a hannun direba take dare da rana. Ba mugu ba ne. Tsoro ya ji kada a ce shi ya bar makami babu kula, sai ya nemi wanda ya fi shi sauƙin ɗauka.

Kwana tara na yi a tsare. A ɗakin akwai wani Bakano da ya zo umara ya zarce, an kama shi yana sayar da turare, yana jiran jirgin da za a mayar da shi gida. Da ya ji labarina ya riƙe baki.

"Baba, kai da aka binne cibiyarka a nan ma? To shi ke nan, kujera ɗaya za mu zauna. In mun sauka zan koya maka Hausa ta gaske, don wannan taka rabinta Larabci ce, a kasuwa sai su sayar maka da tumatir kuɗin rago."

Mutanen ɗakin suka yi ta dariya. Ni lissafin da nake yi daban ne: mata ɗaya, 'ya'ya huɗu, duk zamansu a ƙarƙashin iƙamata yake. In aka buga mini hatimin fita, su ma sun fita, zuwa garin da ba mu san ko ƙofar gida ɗaya ba.

Rana ta shida mai bincike ya karanta mini rahoton matashin askarin. Layi biyu ne suka shafe ni. Ɗaya ya ce an tambayi direba ko akwai wani abu a motar, ya ce babu. Ɗayan ya ce direba ya sanar da makamin da bakinsa kafin a buɗe, hannayensa a kan sitiyari. Ya ajiye takardar ya cire tabarau.

"Da na biyun kaɗai ka yi, ya Haruna, da tun ranar ka ci abincin rana a gidanka. Na farkon ne ya sa nake tambayar kaina me kuma kake ɓoyewa."

Rana ta takwas Ummu Majid ta zo. Jikarta ce ta tuƙo ta, wadda ba ta daɗe da karɓar lasisi ba, don shekarar ce mata suka fara tuƙi. An ce sau biyu suka hau dakalin titi a hanya. Ta zauna gaban mai bincike ta ce bindigar mijinta ce, tana cikin wannan durjin tun kafin a ɗauki Haruna aiki, ita ce ma ta ba da tsumman. Ta juya ta dubi ɗanta a gaban mutane ta ce, "Wannan mutumin ya goya ka ranar da ka karye a makaranta. Ka ji tsoron Allah." Washegari na sa hannu a takardar alkawari aka sake ni. Bindigar ba ta dawo gidan ba.

Ni ma ban koma ba. Majid ya ce na tona musu asiri a titi, halas. Albarkacin mahaifiyarsa bai yanka mini takardar fita ba, ya ba ni lokaci in nemi wani kafili, wato mai gidan da iƙamata za ta koma sunansa. Sai dai a shekarar gidaje da yawa suna sallamar direbobi ne, ba ɗauka ba. Duk ƙofar da na ƙwanƙwasa sai a ce uwargida ta koyi mota. Inda kuma ake nema, da an ji shekaruna da dalilin barina aiki sai a ce za a kira ni. Wata bakwai ina yawo da takarduna cikin leda. Yadda muka ci a watannin nan ba abin rubutawa ba ne. Saura kwana sha ɗaya iƙamata ta mutu wani mai siton shinkafa ya karɓe ni. Yau motar kaya nake ja daga Madinar Masana'antu zuwa shagunan Mahjar, in babu lebura ni nake saukewa, bayana kuma ya san haka. Abu Majid ya rasu ina wata na uku a sabon aikin. Na je jana'iza, na kama makara taku kaɗan, na dawo na ƙarasa rabon shinkafa.

Kwanan baya na ji biyu daga cikinku suna gardama. Ɗaya ya ce in ba a tambaye ka ba babu dokar da ta ce ka faɗa. Ɗayan ya ce yanzu takardu duk a waya suke, ba mai buɗe durji. Ni ba lauya ba ne, karatuna bai wuce aji shida ba, abin da doka ta ce kalma da kalma ku tambayi masu sani. Amma tambayar ko akwai wani abu a motar ba ta cikin waya, da baki ake yin ta, da baki ake amsawa. Takardar izinin kuma sunan mai gidanka ne a kai, ba naka ba. Ba ta rufe ka ko da yana zaune kusa da kai, balle in ya sauka ya ce ka kai yara makaranta.

Tsarina, da zan sake farawa, ga shi. In mai bindiga ba ya cikin mota, ko ba ya iya magana da bakinsa, motar ba ta tashi sai an fitar da ita, ko da za a kore ni a ranar. Kora daga gida ɗaya ta fi kora daga ƙasa sauƙi. In yana ciki, tun a gareji zan ce ya duba wa'adin takardarsa, mu kuma yi magana cewa shi zai fara faɗa in an tsayar da mu. In ya yi shiru, ni zan faɗa, bayan sallama, kafin a tambaya, hannuwana a kan sitiyari. Wataƙila a ɓata muku rabin awa. Wataƙila mai gida ya yi fushi har gida. Na ga fushin mai gida, na kuma ga ɗakin jiran jirgi.

Na gaji da maimaita wannan a wajen mai shayi, ana saurarona don furfura ana danna waya. Shi ya sa na rubuta. Yaranmu da yawa suna jin Hausa amma ba sa karanta ta. Don haka ina roƙonka, kai da ka karanta har nan: ka nemi direban gida ɗaya cikin danginka ko maƙwabtanka a wannan makon, ka zaunar da shi ka karanta masa, inda bai gane ba ka juya masa da Larabci. In ka gama ka tambaye shi abin da ke cikin durjin motar da yake ja. In ya ce maka ma fi, kada ka karɓa. Ka tashi ku je wajen motar ya buɗe a gabanka.